Madugu Ne Ko Ɗan Ayari? Rigimar Guwo Kan Da Cin Bagadaza

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana karanta tarihin halifofi ya san wurin da murya take raunana: shekara ta 656 bayan Hijira, wato 1258, lokacin da Hulaku ya shiga Bagadaza da rundunar da littattafan Larabci ke kira Tatar, mu kuma yau muke ce musu Mongol. Aka kashe halifa Musta'asim, mulkin Abbasiyawa na Iraƙi ya tashi. Mun san sunayen da ke cikin labarin, har da waziri Ibnul Alƙami da ake zargi da cin amana. To amma je ka ƙasar Sin ka tambayi masu son labarin mazan jiya wane ne ya fasa ganuwar Bagadaza, sai su jefo maka wani suna da malaminka bai taɓa ambata ba: Guwo Kan. Ɗan ƙasarsu ne, an haife shi a 1217, ya rasu a 1277. A wajensu babu Basinen da ya kai shi nisa da takobi ta wajen yamma. Wai ya ci garuruwa fiye da 700, wai ya taka har ƙasar Makka da Masar, har ya haye teku ya karɓi mubaya'ar Turawa.

Ba a bakin 'yan hira kawai maganar take ba, shi ya sa ta zama rigima. Tana rubuce a babi na 149 na Yuwan Shi, littafin da hukuma ta sa aka rubuta na tarihin daular Mongol a ƙasar Sin. Ga shi kuma marubutan Farisa da Larabawa da Kiristocin Sham da Armeniyawa, waɗanda a ƙofar gidansu aka yi abin, babu wanda ya kama sunansa. Littafi ɗaya ya ce shi ne komai, sauran kuma ko gaisuwa ba su yi da shi ba.

Ni dai in ina son in gane wannan lamari, ayarin Gwanja nake tunawa, irin wanda kakanninmu suka riƙa bi daga Kano zuwa Salaga neman goro. Ayari gari ne guda mai tafiya. Akwai madugu, shi ke da magana, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Akwai jagaba a gaba, uban dawaki na zirga-zirga, malamin ayari na duba ranar tashi yana riƙe da takarda. Bayansu kuwa ga fatake da 'yan alaro da masu kora jakuna, ga wanda sana'arsa ita ce gyaran mangala da ɗaurin waga, wanda in babu shi kaya za su zube kafin a kai Yawuri. In an isa Salaga, fatoma sunan wa zai riƙe? Na madugu da manyan fatake, waɗanda suka yi ciniki da shi. Ka tambaye shi bayan shekara goma ko ya san wani mai ɗaurin waga daga Kura, sai ya ce bai taɓa jin sa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Shi kuwa mai ɗaurin waga, in ya koma ƙauyensu, shi kaɗai ne ya taɓa ganin Gwanja. Shi zai ce mun haye Kwara, mun kori 'yan fashi a daji kaza. Ɗansa zai ce babana ya kori 'yan fashi. Kafin a kai kan jika, ranar da maroƙi ya zo biki gidan, tsoho ya zama madugu uban fatake, Sarkin Yawuri ma sai da ya sauko ya riƙe masa linzami.

Ayarin Hulaku haka ya tashi. Wansa Monke ya hau gadon Jankiz Khan a 1251, ya ware masa mutum biyu cikin kowane goma na mayaƙan daula, ya ce ya nufi yamma. An bar gida a 1253, ba a haye kogin Jaihun aka shiga ƙasar Farisa ba sai a farkon 1256. Kada ka yi mamakin jinkirin, tafiyar dabbobi ce, sai an bi ciyawa. An tura manzanni gaba suka killace makiyaya, aka gyara gadoji, aka tara garin abinci a kowane zango. Jagaban tafiyar Kitbuka ne, wanda ya riga kowa yin gaba. Cikin 'yan rakiya akwai Aɗa Malik Juwaini, Bafarise mai alƙalami, malamin ayari ke nan. Shi ya rubuta cewa Monke ya aika ƙasar Sin aka kwaso gida dubu na gwanayen harba majaujawar yaƙi da jefa wuta. Mongol mutanen doki ne da baka, a fili ba a karawa da su, amma doki ba ya hawa ganuwa. In an zo gari mai katanga sai a koma gefe a kira masu sana'a, su sassaƙa itace, su kafa wata ƙatuwar majaujawa da ake kira manjaniƙ, maza su ja igiya a tare, dutse kamar turmi ya tashi ya faɗa kan katanga. A gaban Maimun Diz, sansanin Isma'iliyawa da ke kan dutse, Juwaini ya ga wani ƙaton baka da maƙeran Sin suka harhaɗa, wanda a faɗarsa kibiyarsa ke cin taki 2,500. Ya yaba aikin sosai, amma cikin gida dubun nan bai kama sunan mutum ɗaya ba.

Ka ga inda Guwo Kan ya dace ya zauna. Gidansu gidan barantakar Mongol ne tun kaka. Kakansa Guwo Bawyu hafsan daular Jin ne ta arewacin Sin, ya sauya sheƙa ya bi Jankiz Khan har yaƙin yamma na farko. Ubansa dutsen majaujawa ne ya same shi a ƙafa, ya koma gida ya rasu. Shi kuma a gidan Shi Tiyanze ya tashi, ɗaya daga manyan sarakunan yaƙin Sinawa da ke yi wa Mongol aiki. Yuwan Shi da kansa ya ce muƙaminsa shugaban mutum dubu ne, kuma a 1252 shi ya kai makamai Karakorum, babban birnin Mongol, daga nan ya bi Hulaku. Mai mutum dubu, mai rakiyar makamai, ɗan gidan da suka san dutse da igiya. Har nan babu abin da ya saɓa wa hankali. Babban mai ɗaurin waga ne, ko ka ce sarkin maƙeran ayari.

Daga nan ne maroƙi ya karɓi magana. Littafin ya ce akwai wani sansanin Isma'iliyawa a kan dutse kusa da Damgan, wanda sai da tsani ake hawa, an kewaye shi an kasa, sai Guwo Kan ya kafa majaujawarsa, sarkin yaƙin wurin ya buɗe ƙofa ya miƙa wuya. Sansanin nan Girdku ne, an san shi sarai. Kitbuka ya fara tsare shi a 1253, shugaban Isma'iliyawa Ruknuddin Khurshah ya sauko daga Maimun Diz ya sallama a ƙarshen 1256, Alamut ta bi baya, amma mutanen Girdku suka ce ba su san zancen ba. Ba su sauko ba sai a 1270, lokacin Hulaku ya shekara biyar a kabari, Guwo Kan kuma ya fi shekara goma da komawa gida. Abin dariyar ma, sunan da aka ba sarkin yaƙin da ya buɗe ƙofar, in ka cire masa lafazin Sinanci, Khwaja Nasir ne, wato Nasiruddin Ɗusi, masanin taurari da lissafi. Malami ne mai tawada a hannu, a Maimun Diz yake tare da Khurshah, ya shiga cikin sasantawa, daga baya ya gina wa Hulaku ɗakin duban taurari a Maraga. An ɗauko limamin wani zango an naɗa shi sarkin yaƙin wani zangon.

A Bagadaza labarin ya fi daɗi, don a nan akwai ƙanshin gaskiya. Ƙanshi kuwa har na hanci: littafin ya ce da itacen sandal da na turaren wuta aka gina fadar halifa, da aka cinna mata wuta sai da aka shaƙi ƙanshin daga nesa mai yawa, aka kuma samu wani molo mai tsirkiya 72 da mazaunin fitila na murjani. Ya ce Guwo Kan ya ɗaura gadar jiragen ruwa a kan Dijla don kada a gudu ta kogi. Wannan tarko na kogi marubutan Farisa ma sun kawo shi: Dawadar, babban hafsan halifa, ya yi ƙoƙarin sulalewa a jirgi, ya tarar an tare ruwa da gada da majaujawa, ya juyo. Sai dai a wajensu wani janar na Mongol, Buka Timur, shi ke tsaron wurin. Sun jera kowane janar da inda ya tsaya: Baiju da Sunjak a gaɓar yamma, Kitbuka ta kudu, Hulaku da kansa a gabas daura da hasumiyar Ajami, inda duwatsu suka fara huda ganuwa. An fara ruwan duwatsu a ƙarshen Janairu, halifa ya fito ranar 10 ga Fabrairu. To wa ya ɗaure jiragen nan da igiya, wa ya kafa majaujawa a bakin ruwa? Ba Buka Timur da hannunsa ba. Aikin masu sana'a ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ce wani Basine mai mutum dubu yana tsaye a kansu yana ba da umarni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma littafin bai tsaya nan ba, sai da ya ce gadar Guwo Kan ce ta tare halifa har ya miƙa wuya, shi ya bi Dawadar ya kama shi ya sare kansa, alhali marubutan da ke kusa sun ce fitowa ya yi ya miƙa kansa aka kashe shi. Masu ƙara gishiri na zamaninmu har cewa suke yi an naɗa shi gwamnan Bagadaza. Wanda Hulaku ya bari a kan birnin Ali Bahadur ne, Ibnul Alƙami ya ci gaba da waziranci, ba da daɗewa ba kuma aka danƙa wa Juwaini ragamar garin, ya riƙe fiye da shekara 20.

Daga Bagadaza sai kirari ya tsinke igiya. Wai ya wuce yamma ya ci ƙasar Ɗakin Allah da garuruwa 185, sarkin Masar ya sallama, ya haye teku Turawa suka yi masa mubaya'a, ya juyo ta Shiraz da Kirman kowa na zubewa. Kowane sarki kuma in ya sha kashi, magana ɗaya yake yi, cewa wannan janar na gabas ba mutum ba ne. Sarakuna daban-daban, harsuna daban-daban, amshi ɗaya. Wanda ya saba jin maroƙa ya san amshin waƙa in ya ji shi.

Musulmi ba ya buƙatar a buɗe masa littafi kafin ya san rundunar Mongol ba ta shiga Makka ba. Masar kuwa ai ita ce ta taka musu birki. Hulaku ya aika wa Sarki Ƙuɗuz manzanni da wasiƙar barazana, Ƙuɗuz ya sa aka sare kawunansu aka rataye a ƙofar Alƙahira, ya fito tare da hafsansa Baibars suka haɗu da Kitbuka a Ainu Jalut ta Falasɗinu ranar 3 ga Satumba 1260, aka karya Mongol, aka kashe Kitbuka. Turawan da suka bi Hulaku, irin su Bohemon na Antakiya, sun bi sahun surukinsa Haitum sarkin Armeniya ne, da ƙafarsu suka zo, Mongol kuma ba su da jiragen yaƙi a tekun Bahar Rum. Sarkin Shiraz bai jira yaƙi ba ya aika ɗansa da gaisuwa, Kirman kuwa ta daɗe tana biyan gandu. Ga kuma lissafin kwana. Littafin ya ce Guwo Kan ya gama wannan duka ya juya gabas da albishir, ya tarar Monke ya rasu, a 1259 ke nan. Hulaku bai ci Halab ba sai a Janairun 1260, Dimashƙa sai a Maris. Ashe mai ɗaurin waga ya isa Salaga ya sayi goro ya komo Kano tun madugu bai haye Kwara ba.

To daga ina sunayen garuruwan suka fito, tun da mai ƙirƙira daga ka ba zai san Shiraz da Kirman ba? A nan ne masu bincike suka kama bakin zaren. A 1259 Monke ya aiki wani jami'i mai suna Cang De zuwa wajen Hulaku. Ya je ya dawo, wani marubuci Liyu Yu ya rubuta labarin tafiyarsa a 1263, ɗan ƙaramin littafi mai suna Shishi Ji. A ciki akwai abin da manzon ya gani da abin da aka ba shi labari: ƙasar Isma'iliyawa, Bagadaza da fadarta ta itacen ƙanshi da molonta mai tsirkiya 72, Makka, Masar mai zinariya, ƙasar Turawa, Shiraz mai lu'ulu'u. In ka ajiye shi gefen tarihin Guwo Kan sai ka ga zangon nan su ne, kusan a jere ɗaya, har da Khwaja Nasir. Bambancin kawai, inda manzo ya ce akwai ƙasa kaza a yamma, marubucin gidan Guwo ya ce ya ci ƙasa kaza a yamma. Maroƙin bai taɓa fita gari ba. Ya je wajen wani falke ya ce lissafo mini zangon Gwanja, aka ce masa Yawuri, Nikki, Sansanin Mango, Yandi, Salaga, shi kuma ya dawo ya rataya wa ubangidansa kowane da sarkin da ya durƙusa.

Yadda aka yi kirarin gida ya shiga littafin hukuma shi ma ba ɓoyayye ba ne. Al'adar manyan Sin ce in babba ya rasu iyalinsa su rubuta ayyukansa, su biya wani gwanin alƙalami ya tsara, a sassaƙa a dutse a bakin kabari. Masu rubuta tarihin daula daga irin waɗannan takardu suke ɗebo rayuwar mutane, aikinsu shi ne su tankaɗe su rairaye. Na Yuwan Shi ba su sami sukunin rairaya ba. Daular Ming ta kori Mongol a 1368, sabon sarki na ɗokin a rufe littafin waɗanda ya kora don kowa ya san zamaninsu ya wuce. Ya tara malamai ƙarƙashin Song Liyan, suka yi zama biyu a 1369 da 1370, kwana 331 gaba ɗaya, suka fito da babi 210. Ga sunayen Mongol da na Turkawa da na Larabawa da ba su saba da su ba. Saboda gaggawa, babban janar Subutai sau biyu aka rubuta tarihinsa, da rubutun suna iri biyu, a zaton mutum biyu ne. Malaman Sin na baya, irin su Ciyan Dashin na ƙarni na 18, ba su raga wa littafin ba, sun sa shi a sahun baya cikin tarihin daulolinsu. Wanda bai gane Subutai ɗaya ne ba, ina zai tsaya tantance ko an ci Masar?

Duk da haka ban bi masu cewa a share mutumin gaba ɗaya ba. Shirun fatoma ba ya nuna mutum bai zo Salaga ba. Littafin Juwaini ma a kan rushewar Isma'iliyawa ya tsaya, ɗan taƙaitaccen bayanin faɗuwar Bagadaza da ake liƙa masa a ƙarshe na Ɗusi ne. Marubutan nan 'ya'yan sarauta da manyan hafsoshin Mongol suke ƙirgawa, baƙo mai sana'a a wajensu kayan aiki ne. Abin da shirun ke kashewa shi ne maduganci. Rashiduddin, wazirin jikokin Hulaku, ya rubuta babban tarihinsa a farkon ƙarni na 14 da takardun fada a gabansa, ga kuma Bolad, babban jami'in da ya zo daga fadar Kublai magajin Monke, yana zaune kusa da shi yana warware masa al'amuran Sin. Da a ce wani Basine ne ya kama halifa da hannunsa, a wannan zaure ba za a manta da shi ba. Kuma a tsarin Mongol, mai mutum dubu daga cikin talakawan da aka ci da yaƙi ba ya ba jikokin Jankiz Khan umarni.

Akwai kuma wata shaida da ta fi kowace sauƙi, wadda kowace tsohuwa a ƙauye ta iya dubawa: me ya dawo da shi? Madugun gaske in ya komo daga Gwanja ana gani a soron gidansa da dawakin da ke turke. Guwo Kan ya dawo ya sami Kublai a kan gado, ya kai masa shawarwari, ciki har da cewa in ana son cin daular Song ta kudu a fara da birnin Shiyangyang. Aka riƙa aikensa kashe tarzoma nan da can, a hankali ya kai shugaban mutum dubu goma, bayan an ci kudu aka ba shi riƙon wata gunduma mai suna Ninghai, ya shekara guda ya rasu. Matsayi ne na mutunci, ba a raina shi. An kuma yabe shi da horon soja, ana cewa ko ana ruwa ba ya barin mayaƙansa su shiga gidajen talakawa. Sai dai ba ladan wanda ya ci garuruwa 700 ya kama halifa ba ne, a daular da ke raba wa manyan janar-janar dubban gidaje su ci gandunsu.

Shiyangyang ɗin nan ma ta maimaita labarin, amma a juye. Shekara biyar Mongol na zaune a bakin ganuwarta, majaujawar Sinawa ta ja da igiya ta kasa. Sai Kublai ya aika wa Abaka ɗan Hulaku a Farisa ya turo masa nasa masu sana'ar. Aka turo Musulmi biyu, Isma'ila da Ala'uddin, suka kafa irin tasu, wadda ba maza ke ja ba, wani ƙaton akwati ne cike da nauyi ake saki ya faɗi ya wurga dutsen. Birnin ya sallama a 1273. Waɗannan kam sun yi sa'a, Yuwan Shi ya ba su gurbi da sunayensu, don a can su ne baƙin da aka gani da ido. Amma ka buɗe littafin Marko Polo, falken Banis ta Italiya, sai ka tarar ana cewa shi da ubansa da baffansa ne suka kawo dabarar da ta ci garin. Marko bai iso fadar Kublai ba sai wajen 1275.